Bayan shanyewar ɓarin jiki: gwajin jinin da ke sauya magani da wanda ke ƙara fargaba

Wanda ya tsira daga shanyewar ɓarin jiki yakan bar asibiti da haɗari biyu a wuyansa. Na farko kowa ya san shi: ciwon ya sake dawowa, kuma makonnin farko su ne suka fi ban tsoro. Na biyu shi ne iyali ba su cika kawowa a rai ba, wato zuciya. Cutar da ta cushe jijiyar ƙwaƙwalwa ba kasafai take tsayawa a ka ba. Sau da yawa tana nan kwance a jijiyoyin zuciya, wani lokaci ma daga cikin zuciyar gudan jinin ya taso ya haura sama. Dalili ke nan da ake ta ɗibar jinin majinyaci, yau kwalba uku, gobe biyu.

Abubuwan da ake iya aunawa a jini kuwa sun yi yawa. Akwai tsofaffi da kowane ɗakin gwaji ya iya: kolestarol, suga, aikin ƙoda. Akwai na zuciya, tiroponin da NT-proBNP. Akwai kuma waɗanda ake yayi, CRP da Lp(a) da homosistin, da akan haɗa wuri guda a ce wa mutum ai gara a duba komai. Kusan dukkansu, in lambarsu ta hau, haɗarin mutum ma ya hau. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da nake so mai jinya ya riƙe ita ce: in wannan lamba ta fito sama, me za a yi wa majinyacin nan gobe wanda ba za a yi masa ba in ta fito ƙasa? Gwajin da ba shi da amsar wannan tambaya, komai kyan sunansa, fargaba kawai yake ƙarawa.

Kafin nan, a san iyakar jini. Babu gwajin jinin da asibiti ke dogara da shi wajen bambance nau'o'in shanyewar jiki biyu, wato toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa da fashewarta, hoton ƙwaƙwalwa ne ke raba wannan gardama. A sa'o'in farko, awon da ya zama tilas ga kowa kafin a yi allurar narkar da gudan jini shi ne na suga, wanda ake yi da ɗigon jinin yatsa, domin faɗuwar suga kan kwaikwayi shanyewar jiki tsaf. Wa'adin allurar sa'o'i 4 da rabi ne, ba a ɓata shi wajen jiran sauran sakamako sai da dalili. Yawancin abin da ke tafe ya shafi nau'in toshewa, wanda shi ya fi yawa.

LDL ne a gaba

A duk jerin nan LDL, wato nau'in kolestarol mai cutarwa, ya fi kowa hujja, domin shi da hannunsa a cikin ɓarnar. Shi ne ke kutsawa bangon jijiya, ya taru, ya yi kauri, wata rana tarin ya tsage jini ya daskare a kansa. An sauke shi da magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, haɗari kuma ya sauka tare da shi. A dunƙule, duk raguwar 1 mmol/L tana rage manyan matsalolin jijiyoyin jini da kusan kashi 22 cikin 100.

An kuma gwada a kan masu shanyewar jikin su kansu. Binciken SPARCL na 2006 ya ɗauki mutum 4,731, rabi aka ba su atorvastatin, maganin rage kolestarol na dangin sitatin, miligiram 80, rabi ƙwayar da ba magani a cikinta. Cikin kusan shekara 5, ciwon ya dawo wa kashi 11.2 na masu shan maganin, da kashi 13.1 na sauran. Tazarar ba ta da faɗi sosai, amma ta ɓangaren zuciya ta fi fitowa fili: manyan matsalolin jijiyoyin zuciya sun ragu da kusan kashi 35. A 2020 aka buga wani binciken da aka yi a Faransa da Koriya ta Kudu a kan mutum 2,860, don amsa tambayar da ta rage: har ina za a sauke shi? Rukuni guda aka nemi kai su ƙasa da 70 mg/dL, ɗaya kuma tsakanin 90 da 110. Manyan matsaloli suka sami kashi 8.5 na rukunin farko, da kashi 10.9 na na biyu. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2021 ta tsaya a kan ƙasa da 70 ga wanda ke da tarin kitse a jijiyoyinsa, likitocin zuciya na Turai ma sun matsa zuwa ƙasa da 55 ga masu haɗari mafi girma.

Yanzu ɗauki takardar sakamako ka duba. A ce an rubuta LDL 2.9. A gefe akwai layin da ke nuna iyakar mai lafiya, a ce ƙasa da 3.4. Ba tauraro a kusa da lambar, ba jan rubutu. Ɗan majinyaci ya duba, hankalinsa ya kwanta, ya kira ƙannensa ya ce kolestarol ɗin Baba lafiya lau. Alhali iyakar nan ta wanda bai taɓa faɗuwa ba ce, injin da ya buga takardar bai san tarihin Baba ba. 2.9 mmol/L ya yi daidai da kusan 112 mg/dL, inda ake so ya kai kuwa 1.8 ne, wato 70 mg/dL ɗin nan. Da sauran tafiya. A kuma lura da ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar, domin wasu ɗakunan gwaji mmol/L suke bugawa, wasu mg/dL. A ninka na farko da 39, za a sami na biyu.

Me sakamakon ke sauyawa? Kusan komai. A ƙara ƙarfin sitatin. In bai isa ba a haɗa da ezetimibe, wanda ke ƙara sauke LDL da kusan kashi 20. In har yanzu bai kai ba, akwai alluran da ke danne PCSK9, wani sinadari da ke hana hanta kwashe LDL daga jini, masu sauke shi da kusan kashi 60. Ana maimaita awon mako 4 zuwa 12 bayan fara magani ko sauya shi, kuma wannan maimaici ya fi na farko daraja a wurina, domin shi ke tona ko maganin na aiki, ko kuma an daina sha ba a faɗa ba. Jimillar kolestarol ita kaɗai ba ta wadatar, yawan HDL, wanda ake kira kolestarol mai kyau, kuma ba ya wanke LDL daga laifi.

Sugan yatsa ko HbA1c?

A kwanakin farko suga kan hau ko ga wanda ba shi da ciwon suga, saboda girgizar da jiki ya sha. Don haka awon yatsa na gadon asibiti yana taimakon likita a ranar, amma ba ya ba da labarin baya. HbA1c ne ke ba da shi. Jajayen ƙwayoyin jini na rayuwa kusan kwana 120, suga na manne musu gwargwadon yawansa, shi ya sa lambar ke nuna matsakaicin wata 2 zuwa 3. Kashi 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, 5.7 zuwa 6.4 kuma bakin ƙofarsa. Mutane da dama a wannan kwanciya ce suke fara jin cewa sun daɗe da ciwon.

Shi ma yana sauya magani. Ga mafi yawan mutane ana neman kashi 7 ko ƙasa, ana sassauta wa tsoho mai rauni don gudun faɗuwar suga. Yana kuma shafar zaɓin ƙwayar kanta: dangin semaglutide da dulaglutide sun nuna rage shanyewar jiki, dangin empagliflozin kuma sun fi ƙarfi wajen kare ƙoda da hana gazawar zuciya.

Sai dai yana da inda yake yin ƙarya. Mai sikila ƙwayoyin jininsa ba sa kai kwana 120, lambarsa ba abin dogaro ba ce. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan zai fito ƙasa da gaskiya, mai ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuma yana iya fitowa sama da ita. Ga irin waɗannan, a koma wa awon suga na safe kafin a karya, inda 126 mg/dL ko 7.0 mmol/L ke zama iyaka, bayan jiki ya lafa.

Ƙoda

Kiriyatinin, awon da ke nuna aikin ƙoda, ba ya cikin gwaje-gwajen da ake zumuɗi a kansu, amma ba na son a tsallake shi. Raunin ƙoda shi kansa yana ƙara haɗarin zuciya, sannan da shi ake yanke adadin magani. Kusan kashi 80 na dabigatran, wani maganin tsinka jini, ta ƙoda yake fita. Apixaban, shi ma maganin tsinka jini, ana rage shi in mutum ya haɗa biyu cikin uku: shekara 80 zuwa sama, nauyin kilo 60 ko ƙasa, kiriyatinin 1.5 mg/dL ko sama. Metformin, maganin suga, ana dakatar da shi in eGFR, wato lissafin ƙarfin tacewar ƙoda, ya gaza 30. Abin lura guda: daga tsoka kiriyatinin ke fitowa, wanda kuwa ya daɗe kwance tsokarsa ta zube, sai lambar ta yi ƙasa, ƙoda ta yi kamar ta fi yadda take. A nan ne awon sistatin C, wani gwajin ƙoda da bai dogara da tsoka ba, ke da amfani.

Tiroponin da NT-proBNP: dukkansu na zuciya, tambayarsu daban

Tiroponin na fita cikin jini in tsokar zuciya ta ji rauni. An san shi da gano toshewar jijiyar zuciya, shi ya sa ganinsa a sama ke tayar da hankalin kowa a ɗaki. To amma da injinan zamani masu kaifin gani, kashi 30 zuwa 60 na masu sabuwar shanyewar jiki sukan fito da shi sama da iyaka. Ba dukkansu ne jijiyar zuciyarsu ta toshe ba. Wani tsohuwar gazawar zuciya gare shi, wani ƙoda ce, wani kuma ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ce ta saki sinadaran firgici irin su adiranalin da yawa har suka ƙuntata wa zuciya.

Wani ƙaramin bincike a birnin Balin na Jamus, TRELAS, da aka buga a 2016, ya leƙa jijiyoyin zuciyar masu shanyewar jiki 29 da tiroponin ɗinsu ya hau. Mutum 7 aka samu da sabon rauni a jijiyar. A cikin mutum 29 da suka zo da ciwon zuciya zalla, masu lamba kwatankwacin tasu, an samu a 23. Wannan adadi na nuna abu biyu, kuma duka biyun sun dame ni. Mafi yawa ba toshewar zuciya ba ce, don haka wanda ya yi gaggawar ɗura musu magungunan tsinka jini masu ƙarfi zai iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na da ita da gaske, kuma shi ne mutumin da bakinsa ya riƙe, ba zai iya cewa ƙirjinsa na ciwo ba.

Don haka tiroponin gwaji ne na ranar shigowa, kuma ba a karanta shi shi kaɗai. Ana sake ɗiba bayan 'yan sa'o'i, a haɗa da zanen bugun zuciya da hotonta. Ana duba girman lambar: wadda ta ɗan leƙa saman iyaka daban take da wadda ta ninka ta sau biyar ko goma. Abin da yake sauyawa shi ne a kira likitan zuciya ko kar a kira, a ƙara sa ido ko a sallama. Ga wanda ya koma gida watanni da suka wuce, ba ciwon ƙirji, ba haki, ban ga dalilin aunawa ba.

NT-proBNP kuwa ba rauni yake nunawa ba, nauyi yake nunawa. Zuciya na sakinsa in bangonta ya miƙe saboda lodi. Darajarsa a nan tana da alaƙa da AF, wato rikicewar bugu inda ɗakunan saman zuciya ke karkarwa maimakon matsawa, jini ya kwanta, ya daskare, gudan ya ɓalle. Gano AF na juya magani gaba ɗaya: asfirin kaɗan yake karewa, magungunan tsinka jini kuwa suna rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. Wahalar ita ce AF kan zo ta tafi, a ɗauki zanen zuciya da rana a ga komai daidai, ta dawo da tsakar dare.

Masu NT-proBNP mai yawa sun fi zama masu ɓoyayyiyar AF, wannan gaskiya ne. Sai aka yi tunani mai ma'ana: me zai hana a ba su maganin tsinka jini tun kafin a kama ta? Binciken ARCADIA, da aka buga a 2024, ya gwada hakan a kan mutum 1,015 da ba a gano sanadin ciwonsu ba, masu alamar lalurar saman zuciya, ciki har da NT-proBNP sama da 250 pg/mL. Rabi apixaban, rabi asfirin. Mutum 40 ciwon ya dawo wa a kowane ɓangare, kashi 4.4 a shekara nan da can. Aka tsayar da binciken tun wa'adinsa bai cika ba.

Ke nan lambar ba ta isa ta sa a sauya ƙwaya ba. Abin da take iya yi shi ne ta nuna wa ya kamata a daɗe ana sauraron zuciyarsa. A binciken EMBRACE na 2014, na'urar da aka ɗaura wa mutane kwana 30 ta kama AF a kashi 16.1, ta kwana guda kuwa kashi 3.2. In ba kowa ne zai sami doguwar na'urar ba, mai lamba sama ya fi cancanta. Haka kuma ga mai haki da kumburin ƙafa, gwajin na taimakawa wajen tabbatar da gazawar zuciya ko kore ta. A tuna yana hawa da shekaru da raunin ƙoda, yana kuma yin ƙasa ga mai ƙiba.

In aka ce in zaɓi ɗaya a cikinsu: a ranar farko tiroponin, a makonnin baya ga wanda ba a gano sanadinsa ba, NT-proBNP.

Darasin homosistin, da matsayin CRP

Wasu lambobin ɓarawon ne da kansa, wasu kuma karen da ke haushi ne. Ka rufe bakin kare gida ya yi tsit, ɓarawo na nan bai motsa ba.

Homosistin, wani sinadari da ake aunawa a jini, ya koya wa likitoci wannan. Masu shi da yawa sun fi kamuwa, bitamin B kuma na sauke shi cikin sauƙi, sai aka ɗauka an sami mafita. Binciken VISP na 2004 ya bi masu shanyewar jiki 3,680: lambar ta sauka, ciwon bai ragu ba. VITATOPS na 2010, mai mutum 8,164, shi ma bai fito da amfani bayyananne ba. A yi adalci, wani babban bincike a Sin a 2015 ya ga ɗan amfanin folik asid ga masu hawan jini da ba su taɓa faɗuwa ba, amma wannan wata tambaya ce daban. Ga wanda ya riga ya kamu, ba na ganin homosistin a sahun gwajin kowa da kowa. Yana da wuri ga mai ƙananan shekaru ƙwarai, ko wanda ake zargin yana da ƙarancin bitamin B12, kamar wanda ya daɗe a kan metformin.

Labarin CRP ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma bai ƙare ba. Hanta ce ke sakinsa in akwai kumburi a jiki. Da awo mai kaifi, ƙasa da 1 mg/L haɗari kaɗan ne, sama da 3 mai yawa, kuma 2 zuwa sama ake ɗauka alamar kumburin da ya rage bayan an sauke LDL. Kumburi na da hannu a cutar jijiyoyi da gaske: binciken CANTOS na 2017, a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ya nuna allurar canakinumab mai danne kumburi ta rage manyan matsaloli da kusan kashi 15 ba tare da ta taɓa kolestarol ba, ko da yake ta ƙara mace-mace daga cututtuka masu shiga jiki. CRP ɗin kansa kuwa, binciken gado ya nuna mai ba da labari ne, ba shi ke ɓarnar ba.

A kan masu shanyewar jiki an gwada colchicine, tsohon maganin kumburin gaɓoɓi, an buga sakamako biyu a 2024. CHANCE-3 a Sin ya zaɓi mutum 8,343 masu CRP 2 zuwa sama, cikin kwana 90 ciwon ya dawo wa kashi 6.3 na masu shan maganin da 6.5 na sauran. CONVINCE, mai mutum 3,154 da aka bi shekaru, ya samu manyan matsaloli a kashi 9.8 na masu shan maganin da 11.7 na sauran, tazarar da ta ba da fata amma ba ta kai ƙarfin da za a kafa hukunci a kanta ba.

Ga kuma matsalar lokaci. Shanyewar jikin kanta na ɗaga CRP. Haka ciwon huhu ga wanda abinci ke sarƙe wa, da cutar mafitsara ga mai robar fitsari, da gyambon kwanciya. CRP na makon farko ya fi amfani wajen farautar irin waɗannan, bai faɗi komai a kan shekaru masu zuwa ba. Wanda ke son auna haɗari da shi ya jira jiki ya lafa, ya auna sau biyu, in ya haura 10 ya nemi wata cuta tukuna. Ko ya fito sama, abin da za a ce masa shi ne ya bar taba, ya rage ƙiba, ya motsa jiki, ya riƙe sitatin, kuma duk wannan za a faɗa masa ko bai auna ba.

Lp(a): sau ɗaya ya isa

Lp(a) wani ɗan'uwan LDL ne da ke yawo a jini. Wani likita ɗan Norwe, Kåre Berg, ya gano shi a 1963. Kusan duk yawansa gado ne, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai, sitatin ma ba ya sauke shi. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na da shi sama da 50 mg/dL, ko 125 nmol/L, kuma 'yan asalin Afirka sun fi sauran jama'a yawansa a matsakaici. Ba kamar CRP ba, hujjar gado na nuna shi yana cikin masu ɓarnar. Alluran PCSK9 na rage shi da kashi 20 zuwa 30, an kuma ƙera sababbi irin su pelacarsen da olpasiran da ke sauke shi ƙasa sosai, aka shigar da su manyan gwaje-gwaje.

Ina goyon bayan a auna shi, sau ɗaya, kamar yadda ƙa'idar Turai ta 2019 ta ba da shawara. Ya fi muhimmanci ga wanda ya kamu da ƙuruciya, ko ciwon ya maimaita masa alhali LDL ɗinsa na ƙasa, ko danginsa na faɗuwa da wuri. In ya fito sama, dalili ne na ƙara matsa wa LDL da hawan jini, dalili ne kuma na 'ya'ya da 'yan'uwa su auna nasu. Maimaita shi duk shekara ɓata jini ne.

Sauran na masu dalili ne. Matashin da ba a ga sanadi ba, musamman mace mai tarihin ɓari ko gudan jini a ƙafa, ana duba masa garkuwar antifosfolifid, wadda ke sa jini saurin daskarewa, kuma ba a yanke hukunci sai an maimaita bayan mako 12. In ta tabbata, warfarin ake zaɓa a cikin magungunan tsinka jini. D-dimer, ɓurɓushin da gudan jini ke bari in yana narkewa, na hawa da kusan kowace lalura, amma in ya yi sama ƙwarai ga wanda hoto ya nuna ƙananan raunuka a sassa da yawa na ƙwaƙwalwa, yana sa a nemi ɓoyayyen ciwon daji. Yaro kuwa, sikila ake fara tambaya.

To wanne za a zaɓa?

Ga kowa, ba togiya: LDL da 'yan'uwansa, HbA1c, kiriyatinin, da ƙidayar ƙwayoyin jini, sai tiroponin a ranar shigowa. In hali bai ba da damar yin komai ba, zan fifita maimaita LDL bayan wata biyu a kan duk wani sabon suna da za a ƙara a jerin. Dattijon da ke da hawan jini da suga da tarin kitse a jijiyar wuya, an riga an san sanadinsa, an san haɗarinsa na sama, CRP ko homosistin ba za su ƙara wa likitansa sani ba. Dattijuwar da aka bincika ba a ga dalili ba, ita ce ta NT-proBNP da doguwar na'urar zuciya. Ɗan shekara 38 shi ne na Lp(a) da antifosfolifid. Mai shan warfarin kuma INR, awon yadda jini ya tsinke, shi ne abokin tafiyarsa, tsakanin 2 da 3 ga mafi yawa, kuma wannan awo ba ya ƙarewa muddin yana shan maganin.

Kada kuma yawan kwalabe ya mantar da awon da ba ya buƙatar allura. Binciken INTERSTROKE na 2016, a ƙasashe 32, ya danganta kusan kashi 90 na shanyewar jiki ga abubuwa 10 da ake iya gyarawa, hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kusan rabi. Wanda jininsa ke zaune a 160 bisa 95, alhali ana son ƙasa da 130 bisa 80, ba Lp(a) ne matsalarsa ta wannan watan ba.

Wanda nasa fashewar jijiya ce, lissafinsa daban ne. A gare shi ana fara duba ƙwayoyin daskarar da jini, da INR, da hanta, da ƙoda, sannan a dage a kan hawan jini. Burin LDL ƙasa da 70 ba a ɗora masa shi kai tsaye: a SPARCL ɗin nan, zubar jini a ƙwaƙwalwa ya sami mutum 55 cikin masu shan atorvastatin, da 33 cikin sauran. Ba shi sitatin ko hana shi ya danganta da inda jinin ya zuba a ƙwaƙwalwa, da ko yana da cutar jijiyoyin zuciya tun da farko, kuma likitan ƙwaƙwalwa da na zuciya ne ke zama su yanke wannan tare.